Sajan Torkuma Mai Yashe Rijiya

A Lafiya, in ka tambayi gidan Torkuma Akaa, sai a tsaya ana kallon juna. Amma in ka ce Sajan mai rijiya, ko mai sayar da lemo a bakin tasha zai nuna maka lungun, sannan ya ƙara maka da gargaɗi: ka tafi da haƙurinka, mutumin bai iya magana a hankali ba. Gajere ne, kakkaura, da tabon ƙuna a gefen wuya. Kunnensa na hagu ya mutu tun a Laberiya, don haka ko gaisuwa zai yi sai ka ɗauka faɗa ne. Sau da yawa kuma faɗan ne.

A Tse-Akaa aka haife shi, wani ɗan ƙauyen Tibi can bayan Assakio, wanda kakansa ya kafa, ya kuma haƙa masa rijiya ɗaya tak. Yana da shekara ashirin ya ajiye fartanya ya shiga soja, aka jefa shi sashen injiniyoyi. Shekara ashirin da ɗaya ya yi yana ɗaura gada, yana haƙa rijiya, yana tono abin da wasu suka binne don ya tashi da mutane. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ne ya tashi kusa da shi, ya tafi da kunnen, ya tafi da mutum biyu da suke karya kumallo tare kullum.

Ya dawo gida a 1997, Lafiya ba ta cika shekara da zama babban birnin jiha ba. Ko'ina gini ake yi, ko'ina sabon allo an kafa da sunan sabon ofis. Torkuma ya goge takalmi ya bi ofisoshin nan ɗaya bayan ɗaya, yana cewa ya san gada, ya san ruwa, a ba shi abin yi. Aka yi ta ce masa ya dawo mako mai zuwa, har takalmin ya gaji. Daga nan ya koma zaman ƙofar gida a gindin mangwaro, fushin da ya rasa wurin zuwa ya juyo cikin gida. Miya ta yi gishiri, faɗa. 'Yarsa Doose ta bar bokiti a hanya, faɗa. Matarsa Mnena, mai sayar da doya a kasuwa, ta daure shekara huɗu. Ran nan ta dire kwano a gabansa ta ce, "Baban Doose, yaƙin nan ka baro shi can ne, ko cikin jaka ka taho mana da shi?"



A daminar 2001 kudancin jihar ya kama da wuta. Kowa da irin labarin da yake bayarwa kan yadda abin ya fara, amma ƙarshensa ɗaya ne: mutanen da suka shekara suna cin kasuwa ɗaya suka ɗaukar wa juna adda. Torkuma ya kwashi iyalinsa suka tsallaka ɓangaren Binuwai, suka zauna a wata makarantar firamare da aka mayar sansanin 'yan gudun hijira. A nan ya haɗu da Ferdinand Iorchia, tsohon ɗan kwana-kwana, dogo siriri, wanda ya shekara talatin yana kashe gobara kafin ya yi ritaya. Ranar da suka fara haɗuwa Torkuma na zagin duk sansanin saboda an haƙa masai kusa da inda mata ke girki. Ferdinand ya tsaya ya saurara har ya gama, sannan ya miƙa masa shebur.

"Oga Sajan, ka gama? To nuna mana inda za mu haƙa."

Bayan wata bakwai rediyo ya ce zaman lafiya ya dawo, kowa ya koma gida. Torkuma ya bi motar farko zuwa Tse-Akaa tare da ƙanensa Iortyer, Ferdinand kuma ya biyo su don ƙauyensa na kan hanya. Sun san za su tarar da gidaje a ƙone, sun kuwa tarar. Abin da ba su shirya masa ba shi ne rijiya. Tun daga nesa warin ya tare su. Mata sun tsaya da robobinsu a kai, ba mai matsawa kusa. Torkuma ya leƙa: mushen akuya, ƙonannun azara, tsoffin batura, da wani abu da ya fi kyau kada a faɗa.

Ya daɗe a tsaye a bakin rijiyar. Ya ga yaƙi, ya san mutum kan cinna wa gida wuta cikin zafin kai. Amma wannan, wani ne ya zauna ya yi tunani, ya ja akuya har bakin rijiya, don ko bayan ya tafi yara su ci gaba da mutuwa. Kuma waɗanda suka ce a dawo gida ba wanda ya zo ya leƙa ko rijiya ɗaya.

Ya tuɓe riga ya fara ɗaura igiya a ƙugu. Ferdinand ya riƙe masa hannu.

"Ba haka ake shiga ba, Oga Sajan."

"Kai za ka koya mini rijiya?"

"A'a. Iska zan koya maka."

Ya kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura mata zare, ya zura ta a hankali har ƙasa. Ya ce in ta mutu a hanya, to wanda ya bi ta ma mutuwa zai yi. Ta yi lumshi, ta kusa, amma ba ta mutu ba. Ferdinand ya kwance ɗaurin Torkuma ya yi masa irin na 'yan kwana-kwana, ya naɗe ɗaya bakin a jikin bishiya, sannan ya ce ya sauka. Kwana uku suka yi. Torkuma na ƙasa yana cika guga yana zagi, Ferdinand na sama yana ja yana dariya. Suka kwashe ruwan sau uku, suka zuba hodar kashe ƙwayar cuta. A rana ta biyar Torkuma ya ɗebo kofi ɗaya ya shanye a gaban kowa, ya ce in bai mutu ba kafin gobe, a ba yara.

Bai mutu ba. Labari ya bazu, ƙauyuka suka fara aiko masa.

A cikin mako na uku wani tsohon Bafulatani ya ɓullo daga hayin rafi, ya tsaya can nesa, ya ware hannuwa don a ga ba ya riƙe da komai. Wakili Safiyullahi ne, na rugar da ta daɗe a wajen, wanda shanunsa suka shekara suna kwana a gonar mahaifin Torkuma bayan girbi. Maza suka miƙe, wasu har sun kai hannu ga adda. Torkuma ya daka musu tsawa, ya taka ya same shi.

"Sajan, mun dawo mu ma," in ji Wakili. "Rijiyarmu ba ta shawuwa. Mun binne yara biyu."

"Su wa suka ɓata muku?"

"Ban gani ba."

"Tamu fa, su wa suka ɓata?"

Wakili ya sunkuyar da kai. "Ita ma ban gani ba."

"Ƙarya kake yi, Wakili. Ni ma da ka tambaye ni ƙaryar zan yi maka. Gobe da safe ka tanadi maza huɗu masu jan guga."

Iortyer, wanda ya rasa ɗansa na fari a rikicin, ya sha gabansa yana huci. Ya ce in ya taka rugar nan, to ya manta yana da ƙane. Torkuma ya ce masa ya matsa. Ya je, ya yashe rijiyar, yana ƙasa yana zagin Fulani da Tibi da Alago da duk wanda ya taɓa riƙe adda, har da kansa. Matan ruga suka kawo masa nono, ya sha bai ce an gode ba. Iortyer kuwa shekara biyu bai amsa gaisuwarsa ba.

Da aiki ya yi musu yawa, Torkuma ya bi gidajen tsoffin sojojin da ya sani a Lafiya, masu zaman gindin bishiya irin nasa. Bai roƙi kowa ba. Cewa yake yi, "Tashi, ruɓewa kake yi a nan." Ferdinand ya kawo abokan aikinsa biyu na kwana-kwana. Wani tsohon direban motar asibiti ya shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa. Hajiya Mardiya, wadda ta yi aikin jinya a bariki, ta zo ta ce ba ta yarda da awon hodar da suke yi da ido ba, ta karɓe wannan ɓangaren. Suka zama su goma sha ɗaya, ƙaraminsu ya haura arba'in da biyar. Ba su da suna, ba su da allo, ba wanda ke biyansu. Duk inda iska ta yaye rufi, ko gobara ta ci layin kasuwa, ko ruwa ya rushe katanga, sai ka ga a-kori-kurar nan tana tari da tsofaffi a bayanta. Ba su ne masu zuwa da jiniya ba. Su kan zo ne bayan 'yan kallo sun watse, lokacin da mai gida ke zaune a kan toka bai san ta ina zai fara ba.

Mnena ta ce a shekarun nan ne ta fara jin ana dariya a gidanta. Ba wai fushin ya tafi ba ne. Ya dai sami wurin aiki, yana fita da safe ya dawo a gajiye.

A watan Agusta na 2007 aka kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Ƙauyukan da ke kewayen Adogi suka nutse har gwiwa, masai suka tumbatsa cikin rijiyoyi. Kafin mako ya zagayo amai da gudawa ya fara ɗaukar yara da tsofaffi. Aka kafa kwamitin agaji, aka ba shi ofis da sito. Wata ƙungiya daga waje ta aiko da kaya, Torkuma kuma yana tsaye aka sauke su, har ya taya saukewa: injin jan ruwa biyu na lantarki masu doguwar mesa, janareto mai zama a sama, tukwanen iskar numfashi huɗu da abin rufe fuska, da ɗamarar shiga rami. Ferdinand ya shafa tukunya ɗaya kamar mai shafa jariri. Ya ce shekara talatin yana roƙon irinta a wurin aiki.

Washegari suka koma karɓa. Sakataren kwamitin, wani mai farar shadda da ƙamshin turare, ya tarbe su da fara'a, ya yaba musu, ya ce jiha na alfahari da su. Sannan ya ce kayan ba za su fita ba sai an ƙaddamar da su, babban baƙon da zai yanka zare kuma ya yi tafiya.

"Yallaɓai, rijiya arba'in ce," in ji Torkuma. "Da guga, kowace kwana uku take ci mana. Da injin nan rabin yini ne."

"Na gane, Baba. Amma akwai tsari."

"Jiya an binne yara uku a gabana."

"Allah ya jiƙansu. Ka ga, ba ni na kafa tsarin ba."

"To ka ara mana. Ranar biki mu wanke mu dawo muku da su, ku ɗaura musu zare."

Sakataren ya yi dariya, ya ce Baba akwai barkwanci. Ya sa aka kawo musu riguna masu ruwan lemo, an rubuta sunan kwamitin a baya, ya ce su sa a ɗauke su hoto. Torkuma ya je ofishin nan sau biyar. Karo na biyar ya buga tebur har gilashinsa ya tsage, masu gadi suka fitar da shi. Ta tagar sito yana hango injinan cikin ledarsu.

Suka koma ga guga da igiya.

Ranar wata Talata da hantsi suna wani ƙauye mai rijiya biyu. Torkuma da rabin mutanen suna ta gabas, Ferdinand da sauran za su fara ta bakin coci, mai zurfin gaba goma sha biyu. Kafin su iso, mutanen unguwar sun gaji da jira. Wani manomi mai suna Ugondo, wanda 'yarsa ke kwance, ya aro injin fetur na masu noman rani. Mesar ba ta kai ruwa ba, sai ya ɗaure injin da igiya ya zura shi cikin rijiyar yana aiki. Ya yi ta zuba hayaƙi a ciki har ya mutu don kansa. Ugondo ya sauka don ya tayar da shi, bai sake amsa kira ba.

A haka Ferdinand ya same su, mata na kururuwa. Waɗanda ke wurin sun ce ya zura fitila, ko rabi ba ta kai ba ta mutu. Ya kalle ta, ya kalli matar Ugondo. Ya tura a kira Sajan, ya jiƙa rigarsa ya ɗaure hanci, ya ce in ya ja igiya sau biyu su ja da duk ƙarfinsu. Igiyar kirki ɗaya ce a hannunsu, sauran suna gabas. Ya sauka. Aka ji ja biyu, aka ja, sai ga Ugondo ya fito ɗaure da ɗaurin 'yan kwana-kwana, yana kumfa amma da rai. Aka sake zura igiyar. Ta taɓa ƙasa, ta tsaya a sake. Ba wanda ya kama.

Torkuma ya iso a guje, yana haki. Ya nufi bakin rijiyar kai tsaye, Hajiya Mardiya ta rungume shi ta baya, maza uku suka taya ta danne shi. Yana ihu yana kiran "Fedi! Fedi!" tana ce masa, "Sajan, gawa biyu kake so mu ɗauka?" Suka zura buɗaɗɗiyar laima suna ja suna saki, suna fifita da tabarmi, har fitila ta yarda ta kai ƙasa. Kusan awa guda. Sannan ya sauka ya ɗauko abokinsa, ya same shi zaune a jingine da bango, ruwa iya ƙirji.

Shi ya kai gawar Lafiya a bayan a-kori-kura, kan Ferdinand a cinyarsa. Matar marigayin, Rosaline, ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Da ta gane, ba ta yi kuka nan take ba. Ta ce, "Oga Sajan, ya sha wahala?"

"A'a, Mama. Kamar barci ne."

Waɗanda suka ji sun ce ba su taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Kwana goma sha tara bayan nan babban baƙo ya dawo daga tafiya. Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, aka kawo masu rawa da masu kiɗa. Aka aiko wa tsofaffin da takarda cewa su zo cikin rigunansu masu ruwan lemo, za su yi fareti a gaban baƙi, za a kuma yi shirun minti ɗaya don tunawa da abokin aikinsu. Mnena ta karanta masa takardar, ta kalli fuskarsa, ta ce, "Baban Doose, kada ka je."

"Sun gayyace ni."

"Na san irin zuwan da za ka yi."

Ya je. Bai sa rigar lemo ba, tsohon kakinsa ya sa, wanda ya matse shi a ciki. Injinan da tukwanen iskar na tsakiyar fili a kan tebur, an ɗaura musu jan zare. Ya bari aka yi addu'a, aka yi jawabi biyu. Da mai gabatarwa ya ce a tashi a yi shiru, Torkuma ya taka har gaban babban tebur, ya dire igiyar nan da lakarta a kan farin ƙyalle, tsakanin kwalaben lemo.

"Ba za a yi shiru ba!"

Ba ya buƙatar lasifika. Har masu sayar da gyaɗa a bakin titi sun ji shi.

"Shirun me? Shiru kuka yi kwana ashirin da shida, yanzu kuma ku ƙara minti ɗaya? Sunansa Ferdinand Iorchia. Ko sunan ba ku iya faɗa daidai ba, na ji ku. Da wannan igiya ya sauka, ita ke nan. Wancan abin da kuka ɗaura wa zare, da yana bayansa, da yanzu yana tsaye a nan yana dariya. Da injin can yana ƙauye, ba mai zura na fetur a rami. Sau biyar na zo. Yallaɓai, ga ka nan, ka ce ban zo ba! Ka ce mini akwai tsari. Yara goma sha huɗu na ƙirga da hannuna, ban da manya. Ina tsarin ya kai su? A Laberiya wanda zai kashe ka yana zuwa da bindiga, ka gan shi. Ku da makulli kuke yi, kuna murmushi!"

Sakataren ya yi wa makaɗa alama su buga, suka fara, suka ga ba wanda ke kallonsu, suka daina. Babban baƙo ya juya yana tambayar na kusa da shi ko wane ne wannan. Wani ya raɗa masa, Torkuma ya tsinci kalmar a leɓensa.

"E, tsohon soja ne, kansa ba daidai ba. Ku faɗa da ƙarfi! Mai kai daidai shi ne ya kulle iska a sito!"

'Yan sanda biyu suka kama shi ta hammata. Bai yi gardama ba. Da suka juya da shi, ya ga sauran mutanensa tara sun tuɓe rigunan lemon, sun tara su a ƙasa, sun biyo bayansa. Hajiya Mardiya ce a gaba. A can bakin fili kuma ga Wakili Safiyullahi tsaye da sandarsa, tun daga ruga ya zo, ga Iortyer a gefensa, ba mai kallon wani. Su ma suka bi.

A caji ofis aka ba shi benci da ruwan sanyi, aka bar shi ya huce, da la'asar aka ce ya tafi gida. Bikin kuwa an ƙarasa shi. An yanka zare, an tafa, an ci shinkafa. Da labarin ya fito a rediyo ba a ambaci igiya ba.

Bayan kwana biyu mota ta sauke inji ɗaya da janareto da tukwanen iskar a ƙofar gidansa, ba takarda, ba sallama. Inji na biyun ba a sake ganinsa ba. Tukwanen iska huɗu kuma da tsoffin 'yan kwana-kwana suka duba, biyu sun tsiyaye a ajiye, ba kuma inda ake cika su a kusa. Torkuma ya ce a mayar musu da tsiyarsu. Ya ɗauki guduma zai farfasa injin, Hajiya Mardiya ta zauna a kansa.

"Fasa ni tukuna. Saura rijiya ashirin da biyu, Sajan. Fushinka ba ya jan ruwa."

Ya jefar da gudumar ta tsallake katanga. Da safe shi ya fara ɗora injin a mota. Cikin kwana goma sha biyu suka gama rijiyoyin. Kowace suka gama cikin rabin yini, sai ya koma gefe ya zauna, ba mai yi masa magana, don kowa ya san abin da yake tunani.

Ba a hukunta kowa ba. An rushe kwamitin, an kafa wani, sakataren ya sami ƙarin girma. Torkuma ya rubuta takardun ƙorafi har bakwai, Doose na gyara masa Turanci, ba a amsa ko ɗaya ba. Duk inda ya haɗu da sakataren, a gidan mai ko wurin jana'iza, sai ya tsaya ya kira sunan Ferdinand da ƙarfi, sau ɗaya, ya wuce. Har mutumin ya koma aika direba ya leƙa kafin ya fito daga mota. Ugondo kuwa, da ya warke, ya zo ya durƙusa a ƙofar gida yana kuka. Torkuma ya zage shi tas, tun daga wautarsa har injin aro, sannan ya ce ya tashi, ranar Asabar akwai aiki. Shi ya zama mai jan igiyarsu.

A watan Maris na 2010, yana ɗaure kaya a bayan mota, ya faɗi. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama, ya tafi da yawancin maganarsa. Mutumin da ake ji daga ƙarshen layi ya koma sai an kai kunne. Ya kwanta yana kallon silin, ya ƙi cin abinci, in Mnena ta matsa sai ya ture kwanon da hagu.

A ƙarshen Afrilu iskar farkon damina ta yaye rufin azuzuwa uku a wata makarantar firamare a Kwandere. Mutanensa suka zo gaishe shi a kan hanyarsu, suka yi kuskuren faɗa masa. Ya fara buga sanda a ƙasa, yana nuna ƙofa. Suka ce ya huta. Ya ci gaba da bugawa har Mnena ta ce, "Ku ɗauke shi, don Allah. In ya zauna nan ni zai kashe."

Suka ɗora shi a kujerar roba a bayan a-kori-kura, Mnena na riƙe da shi. A Kwandere suka ajiye shi a inuwar ɗorawa, yana fuskantar ginin. Wani kafinta da iyayen yara suka kawo ya riga ya jera katakon aji ɗaya, yana shirin buga kwano. Torkuma ya ƙura wa rufin ido. Ya ɗaga sanda yana nuna kusurwa, bakinsa na motsi. Katakon an aza shi ne kawai a kan bulo, ba a ɗaure shi da ƙarfe ba, yadda aka yi na farkon da iska ta ɗauke.

Kafintan ya leƙo daga sama ya ce, "Baba, haka ake yi a nan. Zai riƙe."

Wuyan Torkuma ya kumbura, jijiyoyi suka tashi. Ya tattara duk abin da ya rage masa.

"Cire!"

Yaran da ke leƙe ta taga suka watse. Kafintan ya kalli sauran tsofaffin, ya ga ba mai shirin goya masa baya. Ya yi tsaki, ya juya bayan hamarsa, ya fara zare ƙusa. Sai bayan azahar aka gama ɗaure kusurwa huɗu da ƙarfe, Torkuma na bin kowace da sanda. Da aka fara buga kwano, Mnena ta buɗe kular sakwara, ta gutsura ta kai masa baki. Ya karɓa, idonsa na kan rufin.